Giya a filin golf na faifai: ina iyakar haƙuri?

Baban Sadiya (Ohayo): Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan, tunda na san akwai masu jifan faifai a cikinmu. Na ɗauki Sadiya, shekararta 9, muka tafi filin da ke cikin lambun shaƙatawa na garinmu wajen ƙarfe goma na safe. A bakin shiga akwai allo an rubuta ɓaro-ɓaro cewa an hana shiga da barasa. Muna isa kwando na 4 muka tarar da wasu samari su shida, suna jan kula mai taya cike da gwangwanayen giya, sifika na tashi. Muka tsaya a bayansu kusan minti ashirin, babu wanda ya waiwayo ya ce mu wuce. Na tsallake kwanduna biyu don in ba su wuri.

A kwando na 7, yarinyar ta sunkuya tana ɗaukar faifanta, sai kawai na ji wani abu ya wuce fuuu, ya daki bishiyar da ke bayanta har ɓawo ya ɓantare. Tsakanin faifan nan da kanta bai kai kamu ɗaya ba. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ce a kauce. Da na juya, mai jifan yana tsaye da gwangwani a hannun hagu, ya ɗaga mini ɗaya hannun yana dariya. Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ban ce musu komai ba, na kama hannunta muka koma mota. Tambayata ita ce: na yi daidai da na yi shiru? Kuma ku da kuka daɗe a wasan nan, haka abin yake ko'ina?

Hajiya Mai Atamfa (Kano): Wa alaikumus salam. Innalillahi! Allah Ya ƙara tsarewa. Amma ku yi haƙuri da tambayata, wane irin wasa ne wannan? Ni faifan da na sani na rufe ƙwarya ne, sai kuma na waƙa.

Ɗan Maraɗi (Finlan): Hajiya, kamar golf ne, amma maimakon a buga ƙwallo da sanda a jefa shi rami, faifan roba ake wurgawa da hannu. Inda ake nufa kwandon ƙarfe ne a kan sanda, da sarƙoƙi a rataye a samansa. In faifan ya daki sarƙar sai ya faɗa cikin kwandon. Yawanci kwando 9 ne ko 18 a fili guda, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Faifan bai wuce tafin hannu biyu ba, nauyinsa wajen giram 170 zuwa 175, amma wanda ake jifan nesa da shi bakinsa siriri ne mai tauri, ba irin na yara da ake wasa da shi a bakin teku ba. Ƙwararru kan sake shi da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. To ki ƙiyasta wannan a goshin yarinya.

Hajiya Mai Atamfa (Kano): Subhanallah. To ai wannan makami ne.

Kawu (Tekzas): Baban Sadiya, sannu da wannan firgici, a gaida jikata. Shirun da ka yi shi ne daidai a wannan lokacin. Mutum shida sun sha, kai kaɗai da ƙaramar yarinya, a ƙasar da ba ka san abin da ke cikin jakar kowa ba. Ba a jayayya da mai maye. Amma kar shirun ya zarce. Lambar ofishin kula da lambunan gari tana jikin wannan allon da ka gani, ka kira su ka faɗi rana da lokaci da kwandon da abin ya faru.

Ni dai ra'ayina a fili yake: wasa da giya ba sa haɗuwa, a hana ta gaba ɗaya a kowane fili, a huta.

Ɗan Wusasa (Mishigan): Kawu, da girmanka, a nan zan ɗan saɓa maka. Da farko abin da aka yi wa Baban Sadiya rashin mutunci ne, ba ni da abin da zan kare su da shi. Amma ni Kirista ne, ina shan giya jefi-jefi, kuma shekarata 11 ina wannan wasan. Filin da na fi zuwa na kuɗi ne, na wani mutum ne a gonarsa, shi da kansa yake sayar da giya a shagon da ke bakin fili. Nakan sha gwangwani ɗaya a zagaye guda na awa biyu, in murƙushe shi in sa a jakata. Ban taɓa jifan kowa ba, ban taɓa tare wa kowa hanya ba. Kuma na sha ganin mutanen da ko ruwan giya ba su taɓa ba, suna jifa alhali akwai mai yawo da kare a gabansu, suna zagi in faifai ya daki ice, suna karya reshen da ya tare musu hanya. Rashin tarbiyya ba daga gwangwani yake fitowa ba. Wanda ya zo da shi daga gida, giyar fito da shi kawai take yi.

Kawu (Tekzas): To ai ka faɗa da bakinka, ɗana. Giyar ce ke fito da shi. Da an bar ta a gida da yana nan a kulle.

Mai Riƙe Kati (Jojiya): Bari in shigo da abin da doka ta ce, don na taimaka wajen shirya ƙananan gasa sau da dama, kuma hedikwatar hukumar wasan, PDGA, tana nan jiharmu a garin Appling.

A gasar da hukumar ta amince da ita, daga lokacin da aka fara wasa har ka miƙa katin makinka, ba a yarda a same ka da giya ba. Ku lura, ba sha kaɗai ba, riƙe ta ma laifi ne. A gasa mai matakin B zuwa sama, wato manyan gasa, kora ce nan take. A matakin C zuwa ƙasa, shugaban gasa yana da ikon ya yi maka kashedi a maimakon kora in ya ga dama. Kuma in kana da mai ɗaukar maka jaka, laifinsa a wuyanka yake. Inda aka ɗan sassauta shi ne wasannin lig na mako-mako, can an bar wanda shekarunsa suka kai ya sha in dokar gari da ta mai fili sun yarda, amma ko a can buguwa laifi ce.

Sai dai duk wannan na gasa ne. Ranar Asabar da safe a lambun gari babu alƙali, babu kati, dokar ƙaramar hukuma ce ke aiki. Wasu garuruwan sun hana kwata-kwata, wasu sun yarda da gwangwani ban da kwalba, wasu sai ka nemi izini. Tunda allon filin su Baban Sadiya ya ce an hana, magana ta ƙare, samarin nan sun karya doka tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a labarin ma ba giyar ba ce. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ba ka jifa sai gabanka ya zama fili, kuma in faifai ya kuɓuce maka ya nufi mutum, ka ƙwala ihu ka ce "fo!" da iyakar muryarka. Yaro ɗan shekara 7 ya san wannan. A littafin dokoki ma yana ƙarƙashin babin ladabi: karo na farko kashedi, in ka sake a ƙara maka jifa ɗaya a makinka. Zubar da shara ma yana ciki, har guntun taba sigari.

Anti Nas (Merilan): Ɗan Wusasa, ƙanena, ban musa maka cewa kai kana iya tsayawa a ɗaya ba. Amma bari in gaya maka abin da muke gani a wurin aiki. Abin da ake lissafawa a matsayin sha ɗaya a Amurka shi ne gwangwani mai mililita 355 na giya mai kashi 5 cikin ɗari, wato giram 14 na barasa zalla, kuma hanta na ɗaukar kusan awa guda kafin ta sarrafa wannan. Yanzu dubi abin da samari ke yayi: dogayen gwangwanaye masu mililita 473, masu ƙarfin kashi 7. Wannan guda ɗaya ya kusa biyu. Mutum ya sha uku a zagaye guda ya ce maka "uku kawai na sha", alhali jikinsa ya karɓi kusan shida cikin awa biyu, yana tafe cikin rana, yana gumi, ga giya na sa yawan fitsari tana ƙara busar da jiki.

Kuma abin da take fara taɓawa ba ƙafa ba ce. Tun kafin mutum ya fara tangaɗi, ta riga ta taɓa hukuncinsa: yana ganin yarinya a gaba, zuciyarsa ta ce masa ai faifan ba zai kai can ba. Shi ya sa wancan ya yi dariya. A ransa bai ga abin da ya faru ba.

Sannan kowa a cikinsu da mota ya zo. Wannan ita ce maganar da ba a son yi.

Ɗan Wusasa (Mishigan): Anti, maganar mota gaskiya ce, ba ni da ja. Iyakar barasa a jinin direba da doka ta sa a nan kashi 0.08 cikin ɗari ce, a jihar Yuta ma 0.05. Ni ƙa'idata in na sha, sai na zauna na ci abinci kafin in taɓa sitiyari, ko matata ta tuƙa. Kuma ina gaya wa ƙannenmu masu bizar karatu, kamu ɗaya na tuƙi cikin maye ya isa a soke maka biza. Wanda bai kai shekara 21 ba kuwa ko riƙe gwangwanin laifi ne.

Abin da nake gudu shi ne a yi wa kowa kuɗin goro. Wake ɗaya ke ɓata gari, na yarda, amma ai ba a zubar da garin duka.

Ɗan Maraɗi (Finlan): Bari in ba ku labarin nan wajenmu, don ya bambanta da naku. Finlan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan filaye a duniya, sun haura 1,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Ina zaune a Tampere, garin Nokia na nan kusa da mu, inda aka sha yin babbar gasar Turai, kuma a 2025 a nan yankin aka yi gasar duniya. Mutanen nan suna shan giya, ba sai an faɗa ba. Amma in ka je fili da yamma a lokacin bazara, rabin waɗanda za ka gani yara ne 'yan makaranta, sun zo a kan kekuna da jakar faifai a baya, babu babba tare da su. Uwa ta saki ɗanta mai shekara 10 ya tafi fili shi kaɗai don ta san abin da zai tarar.

Ba na cewa ba a sha. Nakan ga manya biyu ko uku da gwangwani a aljihun jaka. Amma shiru suke, in sun ga ka fi su sauri sai su matsa gefe su yi maka alama da hannu ka wuce. Gwangwani kuma ba ya kwana a ƙasa, don kowane ɗaya santi 15 na Yuro ne in ka mayar shago, ko mai shi ya yar wani zai tsince.

Abin da na fahimta shi ne, inda yara suka yi yawa, manya kan kama kansu. Inda aka bar fili ya zama na mashaya, iyaye sai su janye 'ya'yansu, daga nan sai abin ya ƙara lalacewa.

Baban Sadiya (Ohayo): Wannan maganar ta ƙarshe ta taɓa ni. Jiya na ce mata mu koma ranar Asabar mai zuwa, ta ce a'a Baba, mu je wurin lilo kawai. Yarinyar da ita ke tashina da asuba ta ce mu tafi. Ta yi wata uku tana koyon yadda za ta sa faifai ya tafi miƙe, ranar da ta fara jin ƙarar sarƙa daga nisan taku goma sai da ta yi tsalle ta rungume ni.

A nan Ohayo kuma ba a biyan ko sisi a kan gwangwani, shi ya sa bayan kwando na 12 akwai wani kwazazzabo da ya cika da su.

Ɗalibi (Indiyana): Iyayena da yayyena, ni tawa tambayar daban ce, ku gafarce ni in na karkatar da zancen. Ni kaɗai ne Musulmi a ƙungiyar da nake wasa da ita duk Laraba. Mutanen kirki ne, su suka ba ni faifaina na farko kyauta, su ke ɗaukata a mota. Amma biyu daga cikinsu suna sha a lokacin wasa. Na san hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Shin tafiya tare da su a fili ta shiga ciki? Abin yana damuna, wani lokacin sai in dawo gida zuciyata ba daɗi.

Kawu (Tekzas): Ɗana, tunda zuciyarka ta fara yi maka magana, ka saurare ta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yau kallo kake, gobe a ce riƙe mini wannan in yi jifa, jibi a ce tsaya a shago ka sayo mana. Ka nemi abokan wasa na safe.

Anti Nas (Merilan): Kawu, a yi masa a hankali. Yaron nan shi kaɗai ne a garin da ba shi da kowa, kaɗaici ma ciwo ne, muna ganin abin da yake yi wa ɗalibai a nan. Ɗalibi, hukuncin ka kai wa limamin masallacinku, ka zayyana masa yadda abin yake, kar ka ɗauki fatawa a wurinmu. Abin da zan iya ce maka shi ne ka faɗa musu a sarari tun yanzu: ba na sha, ba na riƙewa, ba na saya, ba na zuba kuɗi a asusun da za a sayo ta. In mutanen kirki ne kamar yadda ka ce, za su girmama ka.

Mai Riƙe Kati (Jojiya): Ga wata hanya kuma, Ɗalibi. A lig ana raba mutane rukuni-rukuni ne, uku zuwa biyar a kati ɗaya. Ka je wurin mai shiryawa kafin a fara ka ce a haɗa ka da waɗanda ba sa sha. Ba baƙon abu ba ne. Akwai waɗanda suka daina sha suna fama da kansu, akwai masu zuwa da 'ya'yansu, su ma haka suke roƙa. Ni da kaina na sha haɗa irin wannan katin, ko dalili ba na tambaya.

Ɗan Wusasa (Mishigan): Ni ma in ina wasa da Musulmi ko da yaro a rukuni, ba na buɗewa sam. Ba wai an tilasta ni ba. A Zariya na tashi, maƙwabtanmu Musulmi ne, mahaifina bai taɓa fitowa ƙofar gida da kwalba ba. Kunya ce, kuma ita na zo da ita nan.

Kawu (Tekzas): Allah Ya yi maka albarka. Da duk irinka ne da ban ce komai ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da filin gwamnati.

Mai Riƙe Kati (Jojiya): A kan filin gwamnati ni ma ina bayan Kawu, kuma dalilina ba na addini ba ne. Wasan nan a lambun jama'a aka haife shi. Fili na farko da Ed Headrick ya tsara a 1975 a Oak Grove ne, wani lambu kusa da Pasadena a Kalifoniya, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwandon nan mai sarƙa, ya kafa PDGA a 1976. Tun daga lokacin yawancin filayen Amurka kyauta ne, a ƙasar ƙaramar hukuma suke, muna raba su da masu gudu, da masu keken jarirai, da tsofaffi masu tattaki. Aron wuri aka ba mu. Kwando kuma ba gini ba ne, kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, ma'aikaci biyu da mota ɗaya sun isa su kwashe goma sha takwas a yini guda.

Na taɓa zama a taron majalisar wani gari da ake neman izinin ƙara kwanduna tara. Wata dattijuwa da gidanta ke jikin lambun ta tashi, ba ta yi dogon bayani ba, ta ɗora leda a kan tebur ta zazzage: gwangwanaye, fasassun kwalabe, guntayen taba, duk daga bayan katangarta ta tsinto. Ta ce kuma ta gaji da ganin ƙatti suna fitsari a jikin shingenta. Mu da muka zo da takardu da taswira muka rasa bakin magana. Ba a ba mu izinin ba. Mutanen da suka zubar da sharar nan ko ɗaya bai zo taron ba, mu da muke yanke ciyawa muna gyara dandamalin jifa ranar Lahadi mu muka sha kunyar.

Yau ana maganar fitaccen ɗan wasan nan Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 da kamfanin faifai na Discraft a 2021, ana nuna gasa kai tsaye a intanet, amma har gobe in ka ce wa Ba'amurke kana golf na faifai, abin da ke fara zuwa masa shi ne giya da wiwi a cikin daji. Wannan tambarin ne ke hana mu filaye.

Hajiya Mai Atamfa (Kano): Ni dai da nake karantawa daga nan, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu babba ko ɗaya a wurin da zai tsawata musu. A da ko a filin ƙwallon unguwa ne, dattijo ɗaya ya isa.

Ɗan Maraɗi (Finlan): Hajiya, babban a can shi ne kulob ɗin da ke kula da filin. Baban Sadiya, ka duba allon taswira a kwando na 1, ko ka buɗe manhajar masu wasan, UDisc, galibi za ka ga sunan kulob ɗin garin, kuma suna da shafi a Facebook. Ka rubuta musu abin da ka rubuta mana. Sun fi ofishin gwamnati saurin motsi, don su ne za su yi asara in aka rufe filin, kuma sau da yawa sun san masu kula mai tayar nan da fuska.

Baban Sadiya (Ohayo): Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kira ofishin lambuna da safen nan, matar da ta ɗauka ta rubuta komai, ta ce za su riƙa turo mai sintiri a ƙarshen mako. Kulob ɗin ma na tura musu saƙo, wani daga cikinsu ya amsa cikin awa guda, ya ba da haƙuri, ya ce suna da wasan iyali duk Lahadi ƙarfe tara, ba a zuwa da giya, kuma akwai yara mata biyu sa'o'in Sadiya. Na nuna mata saƙon. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma na ga ta ɗauko jan faifanta daga bayan mota ta kai ɗakinta.

Ɗalibi (Indiyana): Ni ma na yi wa mai shirya lig ɗinmu magana, ya ce ba matsala, daga Laraba zai haɗa ni da wani dattijo da jikansa. Limam kuma sai Juma'a in sha Allah.

Anti Nas (Merilan): Baban Sadiya, kar ka matsa mata. Ku je ranar Lahadin ku zauna a benci ku yi kallo kawai, faifan yana jaka. In ta ce a ba ta, sai ka ba ta.